Ranar Biki a Ɗakin Karatu: Bukukuwan Sinawa da Iyalan Samaru da Shika

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamaina na jami'a da na firamare da na Islamiyya, ma'aikatan laburare da suka taso daga Samaru da Kongo da Sabon Gari, iyayenmu mata da ke zaune ta wancan ɓangare, da ku ɗalibai, barkanku da zuwa, barkanku da haƙurin zama. Masu masaukinmu na nan Shika kuma, Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan wani abu da ya zama ruwan dare a ɗakunan karatu na jama'a a ƙasashe da dama. Su keɓe rana guda, su gayyato iyali kacokan, uwa da uba da yara har da kaka, a yi shagalin wani bikin gargajiya na Sinawa a tsakanin kantocin littattafai. Tun kafin in buɗe baki na ga tambayar a fuskar wasunku: me ya haɗa kifi da kaska? Mu da muke fama da kuɗin taki da kuɗin makaranta, ina mu ina bikin mutanen Sin? Tambaya ce mai kyau, kuma ita zan bi. Bari in faɗi matsayina tun da wuri, don mai shirin musu ya fara wasa wuƙarsa. Ina ganin ya kamata mu yi irin wannan rana a Samaru, bisa sharaɗin cewa bukukuwanmu ne za su fara shiga, kuma mu ne za mu riƙe ragamar shirin. Zan kawo dalilaina a maganganu shida, wasu dogaye, wasu gajeru.

Na ɗaya: me ake yi a can?

A birnin New York na Amurka akwai reshen laburaren jama'a da ake kira Chatham Square, a unguwar Sinawa, an buɗe shi tun 1903. Akwai wani babba a Flushing, akwai na unguwar Sinawa a San Francisco, haka kuma a Toronto ta Kanada. Idan sabuwar shekarar Sinawa ta ƙarato, irin waɗannan wurare sukan fitar da sanarwa. Ranar da aka sa, sai a shimfiɗa darduma a sashen yara, a karanta musu labari cikin harsuna biyu. A raba jar takarda da almakashi a koya musu yanka zane, a haɗa fitilar takarda, wani dattijo ya zauna da tawada da alƙalamin gashi yana rubuta wa kowane yaro kalmar fatan alheri. Wani lokaci ma 'yan rawar zaki su shigo da ganga. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba 'ya'yan Sinawa kaɗai ke zuwa ba.

To, me laburare ya samu da wannan hayaniya? Ya samu uwar da ba ta taɓa taka ƙofarsa ba. Ta zo ne don ɗanta ya nace, amma kafin ta fita an yi mata katin aron littafi, an nuna mata kantar littattafan harshenta, an gaya mata ranar da ake koyar da Turanci kyauta. Ma'aikatan sun san abin da suke farauta. Su ɗin ne kuma za ka ga sun shirya wa yara karatun labarin azumi idan Ramadan ya zo. A 2015 ma magajin garin New York na lokacin, Bill de Blasio, ya sanar da hutun makarantun gwamnati na ƙaramar Sallah da babbar Sallah, sannan ya ƙara da na sabuwar shekarar Sinawa.

Kada wani ya ce wannan son zuciyar ma'aikata ne. Hukumar UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, sun fitar da takardar manufofin laburaren jama'a a 1994, suka sabunta ta a 2022. Cikin ayyukan da ta 1994 ta lissafa har da saba wa yaro karatu tun yana ƙarami, da tallafa wa adabin baka, da sada al'adu da juna. Ɗalibanmu na sashen ilmin laburare sun haddace wannan don jarrabawa. Saura aiki da shi.

Na biyu: bukukuwan su kansu

A nan zan ɗan daɗe, domin ba a gayyatar mutane walimar da ba a san abin da ke cikin tukunya ba.

Babbansu shi ne bikin shiga sabuwar shekara, wanda sashen Hausa na rediyon Sin ke kira Bikin Bazara. Kullum yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, lokacin da mu nan muke cikin hunturu. A 2024 ya kama 10 ga Fabrairu, a 2025 ya kama 29 ga Janairu, na 2026 kuma 17 ga Fabrairu. Me ya sa yake yawo, amma bai taɓa fita daga wannan tsakani ba? Saboda Sinawa da wata suke ƙirga watanninsu kamar mu, sai dai suna ɗaure shekarar da rana. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kamar kwana 11. Mu mun bar ta a haka, domin addininmu ya hana cusa wata a cikin shekara, shi ya sa azumi ke zagaya damina da rani. Su kuwa sukan ƙara wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara 19, sai bikin ya koma mazauninsa. Ku lura da wannan: jinjirin watan da ya buɗe wa Sinawa shekara a Fabrairun 2026, shi ne dai jinjirin Ramadan na 1447. Su sun fara ƙirga daga haihuwar watan bisa lissafi, mu daga ganinsa da ido. Malaman lissafi da na Islamiyya da ke nan, akwai darasin da ya fi wannan daɗin koyarwa? Da lemo ɗaya da tocila za ka nuna wa yaro ɗan aji huɗu yadda abin yake.

Kafin ranar, gida-gida ake shara da wanki, a biya bashi, a ɗinka sababbin kaya, a manna jajayen takardu masu kalmomin fatan alheri a bakin ƙofa. Kowa kuma sai ya koma garinsu, domin cin tuwon daren jajibiri tare da iyaye shi ne zuciyar bikin. Wannan komawa gida tana ɗaukar kwana 40, kuma ita ce tafiya mafi yawan jama'a da ake yi kowace shekara a duniya. Wanda ya taɓa neman mota a Kwangila ana gobe Sallah ya ɗanɗani kaɗan daga ciki. Da gari ya waye yara su gaida manya, manya su miƙa musu kuɗi a cikin jar ambulan. Yaranmu ba sa bukatar a fassara musu wannan, barka da Sallah ce aka sa wa riga. Akwai kuma tatsuniyar da ke bayan jan launi da tartsatsin wuta: wai wani dodo ne mai suna Nian yake fitowa ƙarshen kowace shekara yana cin mutane da dabbobi, har aka gano yana tsoron ja da ƙara da haske.

Ran 15 ga watan farko ake rufe shagalin da bikin fitilu. A nan ne abin da ya fi burge ni yake. Sukan rubuta kacici-kacici a 'yan takardu su rataya a jikin fitilu, jama'a su bi suna karantawa suna warwarewa, wanda ya ci a ba shi 'yar kyauta. Al'ada ce da ta kai ɗaruruwan shekaru. Ku duba da kyau: wasa ne da ba ya yiwuwa sai da karatu. Yaron da yake son kyautar dole ya haɗa baƙi. Mu kuma da muke da ƙulin-ƙulifita, muka bar ta tana mutuwa a bakin tsofaffi, me zai hana mu rataya namu, da boko da ajami, a farfajiyar laburare?

Sai bikin Duanwu, ran 5 ga wata na biyar, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2009. Ana tseren dogayen kwalekwale, ana cin shinkafa mai danƙo da aka ƙunsa cikin ganye. Ana danganta shi da Qu Yuan, mawaƙi kuma bafade a daular Chu, wanda aka kora saboda ya faɗa wa sarki gaskiya, ya faɗa kogin Miluo a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Labarin mutumin da ya halaka kansa ne, saboda haka mai ba yara shi sai ya auna bakinsa. Ni da manyan ɗalibai zan tattauna shi, ƙanana kuwa in bar su da kwalekwalen takarda da hotunan bikin kamun kifi na Argungu, wanda shi ma ya shiga wancan jeri a 2016.

Akwai bikin tsakiyar kaka, ran 15 ga wata na takwas, daren da wata ya cika. Iyali su zauna waje suna kallon farin wata, suna cin wata waina mai zagaye, ana ba yara labarin Chang'e, matar da ta sha maganin dawwama ta tashi sama ta tare a duniyar wata. Sinawan yau sun ɗauki sunanta sun sa wa kumbonsu. Chang'e 4 ya sauka a bayan wata, ɓangaren da ba ma gani daga nan, a Janairun 2019. Chang'e 6 ya ɗebo ƙasar wurin ya dawo da ita a Yunin 2024. Ma'aikacin laburare mai wayo zai fara da tatsuniyar, ya ƙare da yara tsaye a gaban kantar kimiyya.

Akwai Qingming a farkon Afrilu, ranar share kaburburan kakanni da kai musu abinci da turare. Wannan a karanta shi a littafi, ba na shirin yara ba ne a wurinmu.

Abu na ƙarshe a wannan gaɓa. A Disambar 2024 kwamitin UNESCO ya zauna a Asunción ta ƙasar Paraguay. A wannan zama guda aka shigar da Bikin Bazara na Sinawa cikin jerin al'adun duniya, aka kuma shigar da hawan Sallah na Kano. Yaro nawa ne a Samaru ya san da wannan? Da za a tambaye shi, wane littafi zai ɗauko ya nuna bambancin Hawan Bariki da Hawan Daushe na nan Zazzau?

Na uku: Sin ba ta yi mana nisan da muke zato ba

Tun 1963 ake jin Hausa daga Beijing a akwatin rediyo, kuma har yau ana koyar da Hausa a jami'ar koyon harsunan waje ta birnin. A 1964 wani attajiri daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna, inda iyayen wasu daga cikinmu suka ci abinci. Nijeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci ran 10 ga Fabrairu, 1971. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016 kamfanin CCECC ne ya shimfiɗa hanyarsa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta tura ɗalibanta na injiniya zuwa jami'ar Central South da ke Changsha su ƙarasa karatu a can. A 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani Basine, Mike Zhang, Wakilin 'Yan China. 'Yan kasuwarmu kuwa sun san Guangzhou kamar yadda kakanninsu suka san Gwanja. Wayar da ke aljihunka, babur ɗin da ya kawo ka, tocilan da ke ɗakinka, duba ƙasansu ka ga inda aka ƙera su. Mutanen da muke ciniki da su haka, a ce ba mu san ranar da suke rufe shago su tafi gida ba? Ɗan kasuwar Kwari ya sani, domin idan bai yi odar kaya kafin bikin ba sai ya yi makonni yana jira.

Akwai kuma bashin da kowane laburare a duniya yake ɗauke da shi. Takarda daga Sin ta fito. Tarihinsu ya ce wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ne ya gabatar wa sarki hanyar yin ta a shekara ta 105. A ƙarni na 8 sana'ar ta iso Samarƙandu, daga nan Bagadaza, ta bi ƙasashen Musulmi har ta tsallaka Turai. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda malamanmu na ƙarni na 19 suka yi rubutu da yawa a kanta, a Italiya aka yi ta, raƙuma suka ratso Sahara da ita. Idan za a yi ranar Sinawa a ɗakin karatu, a jiƙa tsofaffin jaridu a dama, yara su yi takarda da hannunsu su shanya a rana, sannan a ba su wannan labari.

Na huɗu: ciwon namu ɗakin karatun

Zariya ba baƙuwar littafi ba ce, kowa ya sani. A nan Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Rupert East, daga gasarta ta 1933 aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita. A nan hukumar adabi ta NORLA ta yi ta fitar da ƙananan littattafai na Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, a nan aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. A zamanin yaƙin duniya na biyu En'e-En'e sun buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa don jama'a su san labarin yaƙi. Yau muna da laburaren Kashim Ibrahim a babbar harabar jami'a, da na Shugaba Kennedy a Kongo, da na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da na cibiyar binciken dabbobi a nan Shika, da na asibitin koyarwa. Sashen da ke horar da ma'aikatan laburare yana nan tun 1968, kuma laburaren jama'a na Samaru ya daɗe yana zama wurin da ɗalibansa ke koyon aiki. Ƙalilan ne garuruwan Afirka ta Yamma da suka tara littattafai kamar wannan yanki.

Amma akasarin waɗannan na masu katin shaida ne, ɗalibai da malamai da masu bincike. To, ɗakunan karatu na jama'a fa, a faɗin Arewa, wa ke shiga? Samari da 'yan mata masu shirin JAMB da WAEC da NECO. Da takardunsu suke zuwa, kujera da shiru suke nema, kuma ban ga laifinsu ba, domin gidan haya mai yara goma ba wurin karatu ba ne. Da an gama jarrabawa sai wuri ya koma kufai. Yaro ɗan shekara biyar ba ya cikin lissafi, in ma ya leƙo, abin da zai fara ji shi ne a yi shiru. Uwarsa kuwa, wadda ita ce malamarsa ta farko, ita ce mai tatsuniya da waƙar raino, ba ta taɓa jin an ce wannan gini nata ba ne. Mun gina wa littafi ɗaki, mun sa masa mai gadi.

Sannan mu zo muna kukan cewa Bahaushe ba ya karatu. Wa ya ce? Matan da suka riƙe kasuwar littattafan soyayya na Kano shekara da shekaru, suna haya suna musaya ta kan katanga, yau kuma suna karanta su a waya, su ne ba sa karatu? Masu karatu suna nan, ba mu kira su ba ne. Mace ba ta fita don a ce mata zo ki ga kanta. Tana fita don suna da biki da walima da saukar karatu, kuma da yaranta take fita. Wannan shi ne sirrin da ma'aikatan New York suka gano, mu da muka fi su son taro muka bar shi a ƙasa.

Na biyar: tsoro guda biyu, kuma duka suna da tushe

Na farko na addini ne. Na ga wani malami yana gyara zama, to ga ni nan zuwa. Gaskiya ne, a cikin waɗannan bukukuwa akwai abin da Musulmi ba zai yi ba, Kirista ma ba zai yi ba: ƙona turare ga kakanni, miƙa abinci ga abin bautar murhu, da duba halin mutum da sa'arsa ta dabbar shekarar da aka haife shi. Kada a ɓoye wa iyaye wannan, kuma kada a shigo da shi cikin shiri. A gaya wa yaro cewa Sinawa suna jera shekaru da sunayen dabbobi 12, 2024 ta dodon da suke kira Long, 2025 ta maciji, 2026 ta doki, wannan sani ne. A ce masa zo a duba maka taka, wannan ya zama wani abu dabam. Tsakanin sanin abin da mutane ke yi da yin sa tare da su akwai rata, kuma malamanmu na da sun san ta, shi ya sa Ibn Battuta ya je Sin ya dawo ya ba da labarin abin da ya gani. A kuma tuna wa yara cewa akwai Musulmi sama da miliyan 20 a ƙasar, akwai masallacin Niujie a Beijing da aka gina tun 996. In za a ɗanɗana abincinsu, a yi shi da naman rago kamar yadda Musulmin Hui suke yi. Muhimmin abu, a zauna da liman da fasto tun ana tsara shiri, su ga jerin abin da za a yi da idonsu. Wanda aka yi shawara da shi ba ya hawa mumbari ya yi suka.

Tsoro na biyu ya fi damuna, domin ba a cika faɗarsa ba. Ƙasashe ba sa raba fitilu da littattafai don Allah. Sin tana da Cibiyar Confucius a jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka da jami'ar Legas, tana da cibiyar al'adu a Abuja. Ingila ta daɗe tana yin irin wannan da British Council, Faransa da Alliance Française, Amurka da kusurwoyinta a ɗakunan karatu. Kowa gwaninta yake nunawa, kuma babu laifi a karɓi kyauta a yi godiya. Laifin shi ne laburaren da ba shi da kasafin sayen littafi ya wayi gari duk abin da ke kantarsa game da wata ƙasa, gwamnatin ƙasar ce ta zaɓo. Idan mun ajiye littafin hotunan babbar ganuwar Sin, to a gefensa a samu wanda ya yi bayanin halin Musulmin Uighur a Xinjiang, da wanda ya tattauna bashin da ƙasashen Afirka ke ci, da wanda ya bi diddigin mutuwar masaƙun Kaduna da Kano, inda rashin wuta da kwararowar atamfa mai araha suka haɗu suka jefa dubban magidanta cikin zaman banza. Baligi ya karanta duka ya yanke wa kansa hukunci. Baƙo ya zo da fitilarsa, marhabin. Jerin abin da za a yi da abin da za a ɗora a kanta, na mai gida ne.

Na shida: yaya za a fara?

A fara da tashe. Daga goma ga azumi yaranmu suna yawo gida-gida da wasanninsu, mu kuma muna ta ƙorafin cewa abin yana lalacewa. A kira su farfajiyar laburare da la'asar, kowace ƙungiya ta yi nata, tsofaffi su gyara musu, ɗalibai su rubuta. Bayan Sallah a yi ranar doki, a gayyato mai ɗinka kayan doki da wani daga fada ya bayyana wa yara sunan kowane hawa da tsarinsa. Da kaka a yi ranar amfanin gona, ga masana iri a Samaru, ga masana dabbobi a Shika. Sabon Gari kuma tun zuwan jirgin ƙasa take tara ƙabilu, saboda haka a ba maƙwabtanmu Ibo rana su nuna bikin sabuwar doya, Yarabawa su kawo nasu, a yi ta Kirsimeti a Disamba. Yaron da ya ga an girmama tashensa, ya ga na maƙwabcinsa, shi ne zai kalli fitilar Sinawa da natsuwa, ba da ƙasƙanci ba. A cikin irin wannan jeri ne nake son ranar Sinawa ta samu gurbinta, sau ɗaya ko sau biyu a shekara.

Su wa za su yi aikin? Suna nan cikinmu. Injiniyoyin da suka dawo daga Changsha sun ci wannan biki a can, su zo da hotunan da ke wayoyinsu. Alhazan da ke zuwa Guangzhou su ba da labarin kasuwa. In akwai Basine da ke aiki kusa, a gayyace shi da iyalinsa a matsayin baƙi. Sashen harsunan Afirka ya fassara tatsuniyoyi biyu ko uku zuwa Hausa mai daɗi, sashen wasan kwaikwayo, wanda ya daɗe yana fita da wasanni cikin unguwannin Samaru, ya mayar da labarin Nian wasa, 'yan sashen zane su koyar da yankan takarda. Duk wannan ana iya lissafa shi cikin aikin koyon sana'a na ɗalibai. Kayan aiki kuwa takarda ce da almakashi da gam da tabarmi.

Sai a kula da lokaci, domin a nan shiri mai kyau yake mutuwa. Asabar da Lahadi da safe yaranmu suna Islamiyya, wasu suna coci. Alhamis da yamma ta fi, tunda makarantun allo da Islamiyyu da yawa suna hutu, a kuma tashi kafin magariba. Gayyata ta bi ta hannun mai unguwa da liman da malaman makarantun matan aure, don maigida ya ji daga bakin da ya yarda da shi. A tanadi wurin zaman mata, da ruwa, da makewayi mai tsabta. In aka rasa wannan na ƙarshe, uwa ba za ta sake dawowa ba, kuma ba za ta gaya maka dalili ba. Inda babu ginin laburare kusa, a zuba littattafai a akwati a kai ajin firamare ko zauren mai unguwa.

Kaka da ta zo raka jika kada a bar ta ta tafi haka. A roƙe ta tatsuniya ɗaya, in ta yarda a ɗauka a waya, a rubuta, a sa sunanta a kai, a ajiye a kanta. Frank Edgar ya wallafa nasa tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya tara Tatsuniyoyi da Wasanni, amma na Shika da Bomo da Basawa suna nan a bakin masu su. Kuma kada a auna nasara da yawan hotunan da aka sa a Facebook. A ƙirga katin aro nawa aka yanka a ranar, sannan bayan wata guda a duba rajista a ga mutum nawa suka dawo da littafi suka karɓi wani.

Shugaba ya ɗaga mini agogo, don haka a nan zan dakata.   Fili a buɗe yake ga mai tambaya ko gyara, kuma ina roƙon shugaba ya fara miƙa makirufo ɓangaren iyayenmu mata.